Takardar Injin Markaɗe

Mijina, Allah ya jiƙansa, mai i'ina ne. Na fara da wannan ne saboda duk mutumin Mubi da ya san shi da wannan ya fara saninsa, sai daga baya a tuna cewa makaniki ne. Idan kalma ta maƙale masa, sai ya runtse ido, ya bugi cinyarsa da hannu, ya jira ta sauko. Wani lokaci ta sauko, wani lokaci mai sauraro ya gaji ya tafi. A sallah dai harshensa ba ya sarƙewa.

Ni kuwa Allah ya ba ni baki. Tun ina yarinya a Wuro Patuji ake cewa idan na fara labari da hantsi, kaji za su shiga akurki ban kai tsakiya ba. Ban shiga makaranta ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. 'Yata ce, wadda ke koyarwa a firamare, take rubuta wannan ina faɗa mata. Ta yi mini alkawari ba za ta gyara mini hali a ciki ba, Hausar kawai za ta gyara.

Shekaru masu yawa ni ce bakin gidanmu. Mai inji zai zo, Malam, wato mijin nawa, ya buɗe baki zai yi bayani, ni in ƙarasa masa. Sau da yawa abin da na ƙarasa ba shi yake nufi ba, amma mai inji yakan tafi da gamsuwa, don na faɗa da ƙarfi kuma ban yi tuntuɓe ba.

Injin markaɗe ya fi gyarawa, irin mai shan fetur da mata ke niƙa wake da tattasai da gyaɗa. Matan sukan dawo masa da ɓarna iri ɗaya kullum, shi kuma ba shi da bakin da zai hana su. Sai ya koma rubuta musu a guntun takardar buhun siminti, su kai gida a karanta musu. Da farko abin bai yi ba. Mace za ta dawo da inji a mace, ta rantse abin da takarda ta ce ta yi. Idan aka duba, gaskiyarta ce.

Daga nan ya ɓullo da wata hanya. Ya sayi littafi mai baƙin bango. Idan ya rubuta shafi, sai ya fito da inji tsakar gida, ya ba 'yarmu ta karanta, ni in yi da hannuna abin da aka karanta, ba ƙari ba ragi. Shi kuma ya je ya tsaya ya fuskanci katanga, ya juya mana baya. Dalilinsa, idan yana kallona zai nuna mini da ido ko ya miƙo hannu, takarda kuwa idan ta tafi ƙauye ba ta tafiya da idonsa. Duk inda hannuna ya tsaya, sai in ce, "Malam, na tsaya." Ya juyo, ya karɓi littafin, ya soke layin, ya sake rubutawa, ya koma katanga.

Ni da nake iya tayar da inji ido rufe, sai in mai da kaina wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wahalar da shi.

"Ka ce a ja igiya. To na ja, ga ni riƙe da ita. Nan zan wuni?"

Sai in ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake yi wa katanga.

"Ka ce a murɗa ta hagu. Hagun wa? Ni ina bayan inji, ita mai karatu tana gabansa."

Ranar ya ƙara layi: ki tsaya ta ɓangaren da igiya take, kada ki sauya wuri. Wata rana kuma ina sunkuye, bel ya kama bakin mayafina ya fizgi wuyana. Har yau tabon yana nan ƙasan haɓata. Malam bai ci abinci ba ranar. Washegari ya yage shafin farko ya sake shi, layin farko ya zama: ki ɗaure mayafinki a ƙugu kafin ki taɓa inji.

Bayan mun dawo daga gudun hijirar da rikici ya sa muka yi, mun tarar da shagonsa wayam, ko sifana ba a bari ba. Ga baya ya fara cin amanarsa, ba ya iya ɗaga inji sai an taya shi. Ya zama mai zaman ƙofar gida, mutum ya wuce ya gaishe shi bai tsaya jiran amsa ba. A lokacin ne wata ƙungiya ta raba wa matan unguwanni da ƙauyuka injinan markaɗe. Takardar da ta zo da injinan da Turanci take, kafin damina ta wuce da yawansu sun tsaya. Sai aka yi sanarwa ana neman wanda zai rubuta bayanin aiki da inji da Hausa, a ɗauke shi aiki.

Tunda na aure shi ban taɓa ganin Malam ya so wani abu kamar yadda ya so aikin nan ba. Shi ya goge kaftaninsa da kansa. Kwana uku yana zuwa bakin mayo, wato kogi, da la'asar, ya tsaya shi kaɗai yana gwada abin da zai faɗa. Na bi shi sau ɗaya na laɓe. Ga yashi da ruwa magana yake yi tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai. Da yashi ne zai ɗauki ma'aikaci, da an gama.

Ranar intabiyu na raka shi a keke mai ƙafa uku, na zauna a benci ƙarƙashin tagar ofis. Mutum uku ne a ciki, shugabarsu wata mace mai tabarau da kowa ke kira Madam. Wanda ya shiga kafin Malam kowa ya san shi a gari, shi ne mai riƙe lasifika a biki da suna da taron buɗe masallaci ko coci. Mu mata muna kiransa mai lasifika. Ba mugu ba ne, kada ki rubuta mugu. Mutum ne wanda idan ya gaishe ka sai ka ji kamar an ba ka kyauta. Yana shiga na fara jin dariya ta taga. Ya yi musu Hausa, ya yi Fillanci, ya yi Turanci, ya gaishe da ɗaya daga cikinsu da yaren mutanen Michika. Ya ce inji kamar jariri ne, kukansa magana ce. Ni kaina a kan benci na ce, wallahi haka ne.

Sai Malam ya shiga. Na ji Madam ta ce, "Baba, gaya mana kai wane ne."

Sai na ji bugun cinya, ɗaya, biyu, uku. Na leƙa. Ya ajiye littafinsa mai baƙin bango a kan tebur, yana tura shi gabanta da yatsa.

"Za mu duba daga baya, Baba. Yanzu da baki muke so. Me ya sa kake ganin za ka iya?"

A nan na yi abin da har kabari zan tafi da kunyarsa. Na sa kaina ta taga na ce, "Ranki ya daɗe, tun kafin a haife ki yake gyaran inji, duk Mubi babu..."

"Mama, ba ke muke tambaya ba."

Malam ya juyo ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Aka dawo masa da littafinsa ba a buɗe ba. Wani a cikinsu ya ɗora kofin shayi a kai, har yau zoben yana nan a bangon. A keke muna dawowa na yi ta zagin mutanen ofis, shi yana goge zoben da bakin hannun riga.

Aka ɗauki mai lasifika. Bayan wata biyu takardarsa ta fito, mai sheƙi, da hotonsa yana dafe da inji. 'Yarmu ta karanta mana a tsakar gida. Ta fara da godiya ga Allah, sai kirarin mace mai sana'a, sai karin magana uku a jere. Ba zan yi masa ƙarya ba, da daɗi. Sai da na sa aka maimaita mini wurin da ya ce hannun mace shi ne rumbun gida. Malam yana zaune yana jin mu, sai ya miƙa hannu ya karɓa, ya yi ta buɗe shafi yana neman wani abu. Ya same shi a shafin ƙarshe, ƙasa da hoton ma'aikatan ofis: a kula da sutura.

Injina suka ci gaba da zuwa ƙofarmu a baro da keke. Sai kuma labari ya zo cewa bel ya kama hijabin wata mata, Allah ya kiyaye, tsagewa ya yi. Ranar da Madam ta zo taron mata a unguwarmu, na tashi ba a ba ni dama ba. Wannan karon bakina ya yi amfani, sau ɗaya dai a rayuwa. Na nuna mata tabon wuyana. Na ce, "Ranki ya daɗe, mai dafa abinci kuka nema, kuka sa shi ya yi muku waƙa. Ku kawo inji, ku kawo macen da ba ta taɓa tayar da shi ba, a karanta mata takardun biyu, a gani."

Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Mama, ke ce ta taga?"

Na ce ni ce.

Ta yi dariya, ta yarda.

Aka yi gwajin a harabar ofis, ƙarƙashin dalbejiya. Suka kawo wata mata daga Digil, ta zo kasuwa da yakuwa aka roƙe ta. Mai lasifika ya zo da babbar riga, ya rungumi Malam yana cewa, "Injiniya! Yau ɗalibi zai kara da malaminsa, a yi mini sassauci." Ya ɗauki takardarsa zai fara karantawa, yana karantawa yana nuna mata da hannu, nan, wannan, a'a wancan. Na ce ban yarda ba.

"Hajiya, me kuma na yi?"

"Kai za ka bi takarda Digil? A ba wani ya karanta. Ku biyun ku juya baya."

Madam ta kira direban ofis, mutum mai karatu kamar yana ƙirga buhu. Aka tsayar da dattawa biyu suna fuskantar katanga, ɗaya da babbar riga ɗaya da kaftani, kamar waɗanda aka kama da laifi. Ma'aikata suka fito suna kallo.

Direba ya fara da takardar mai lasifika. Matar Digil ta tsaya ta harɗe hannu, duk inda aka yi addu'a ta ce amin. Aka yi kirarin mace mai sana'a, ta ce, "Na gode." Aka wuce karin magana. Can direba ya ce, "Sai a tabbatar komai yana daidai, a tayar da injin kamar yadda aka saba."

Ta jira. Direba ya jira.

"Ci gaba mana," in ji ta.

"Ai ke za ki yi."

"In yi me? Ni ban saba ba. Yau na fara tsayawa kusa da shi."

Daga katanga mai lasifika ya ce, "Baiwar Allah, ai ɗan jan maɓallin nan..."

Na ce, "Katanga ba ta magana!"

Har Madam sai da ta riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, don shi ko a kansa aka yi abin dariya yana tayawa.

Sai aka buɗe littafin mai zoben shayi. Direba ya ce, "Ki ɗaure mayafinki a ƙugu kafin ki taɓa inji." Ta ɗaure. Ki tsaya ta ɓangaren da igiya take. Ta tsaya. Ki zaro sandar baƙin mai, ki goge, ki mayar, ki sake zarowa, idan bai jiƙa rabinta ba ki tsaya nan, kada ki ci gaba. Ta duba ta ce ya jiƙa. Ki sassauta hannun da ke matse haƙoran inji har ki ji yana juyawa ba nauyi. Ki buɗe famfon fetur. Haka, layi bayan layi, babu amin ko ɗaya. Ni ina kallon bayan Malam. Duk layin da aka karanta sai in ga yatsunsa suna motsi a jikin kaftani, yana yi tare da ita. Ki ja igiya a hankali har ki ji ta yi tauri, sannan ki fizga da ƙarfi, ki bi ta da hannu ta koma. Fizga ta biyu inji ya tashi. Matar ta yi tsalle baya tana salati, sannan ta fashe da dariya. Malam bai juyo ba sai da na je na taɓa kafaɗarsa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Madam ta tafa, kowa ya tafa. Sai ta ce, "Baba, zo gaban jama'a ka gaya mana a taƙaice, mene ne sirrin?"

Ya tsaya a gaban mutane, inji yana ruri a bayansa. Ya runtse ido, ya bugi cinya. Wannan karon na cije leɓena har na ji ɗanɗanon jini, ban ƙarasa masa ba. Can ya ce, "Na gode." Shi ke nan abin da ya fito.

Bayan mako guda Madam ta zo gidanmu da kanta, wannan kam na yaba mata. Ta zauna a tabarma ta yi mana bayani. Makin intabiyu ya riga ya tafi wurin manya, fom ɗin ɗaukar aiki yana da gurbin iya bayani da gurbin kwarjini, ba shi da gurbin tashin inji. Ba za a iya sallamar wanda aka ɗauka ba, kuma gurbin aikin ɗaya ne. Amma suna roƙon Baba ya ba su littafinsa su buga. Ni na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga ya riga ya shiga ɗaki ya ɗauko.

Aka buga. Shafi huɗu na farko gabatarwar mai lasifika ce da hotonsa, sauran duk na Malam ne, ba a taɓa ko layi ba. 'Yata ta nemo sunan babanta, ta same shi a baya cikin waɗanda aka gode wa, ƙasa da na direba. Aka aiko masa da takardar yabo da hula mai tambarin ƙungiya, ta yi masa kaɗan. Mai lasifika kuma aka ƙara masa girma, aka tura shi Michika ya koya wa wasu yadda ake rubuta bayani. Na ji an ce har katanga yake sa su fuskanta. Ya taɓa bayyana hanyar a gabana a wani taro, da misalai da karin magana, sai da na ji ta a bakinsa na gane ashe mai hikima na aura.

Matan kuwa sun yi nasu hukuncin. Duk gidan da na shiga na ga takardar rataye kusa da inji, shafi huɗun farko babu. Takarda ce mai kauri, tana da kyau wajen ƙunshe ƙuli-ƙuli.

Malam bai sami aikin ba, ya koma zaman ƙofar gida. Amma wata ranar kasuwa na raka shi layin masu markaɗe, muka ji wata mata tana daka wa abokiyarta tsawa: "Ke! Ki ɗaure mayafinki a ƙugu kafin ki taɓa inji!" Kalma bayan kalma, yadda ya rubuta, da ƙarfi, ba tuntuɓe. Ba ta san shi ba, ta ma ture shi da bokiti da za ta wuce. Ya tsaya nan tsakiyar hanya har masu baro suna yi masa ihu. Da muka koma gida ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Damina ta gaba ya rasu. Kwana shida ya yi a kwance. Dakata, kada ki rubuta komai tukuna.

To. Ranar addu'ar uku mai lasifika ya zo, ba wanda ya ba shi lasifika, bai kuma buƙata ba. Ya yi magana a kan Malam har maza suna share ido da hula. Ya ce a gaban kowa shi bai iya rubutu ba, mai rubutu shi ne wanda aka binne. Daga cikin gida nake jin sa ina kuka, ina so in ji haushinsa, abin ya ƙi. Abin da Malam ya yi shekaru yana turawa da yatsa a kan tebur, shi ya faɗe shi kafin shayi ya huce, kuma kowa ya yarda nan take.

'Yata ta ce in yi adalci, akwai masu baki da suka iya rubutu. Na yarda, ita ma ɗaya ce. Ni dai abin da na gani na faɗa. Kuma ga ni nan, mai bakin Wuro Patuji, zama na huɗu ke nan muna wannan 'yar takarda. Duk abin da na faɗa, idan ta karanto mini sai in ji na sa ƙarshe a farko, na manta ban gaya wa mutane wane ne wane ba. Ta ce, "Dada, a baki ya yi daɗi, a nan ba a gane ba." Sai mu soke.

Sun dawo mana da littafin mai baƙin bango bayan sun buga. Yana cikin akwatina. Akwai shafi ɗaya a ƙarshe da ya rubuta kafin ya kwanta, yadda ake ajiye inji idan za a daɗe ba a yi aiki da shi ba. Ba mu gwada shi ba. Shekaranjiya na sa aka fito da tsohon injinmu tsakar gida, na ɗaure mayafina a ƙugu, na ce ta karanta. Layi na ɗaya na yi, na biyu na yi, har na biyar. Na shida ya ce a tsiyaye sauran fetur, bai ce ta ina ba. Na san ta ina, tun kafin a haifi mai karatun na sani. Amma hannuna ya tsaya, na ji bakina ya ce, "Malam, na tsaya."

'Yata ta ce, "Dada, in gyara layin?"

Na ce ta bar shi yadda yake. Muka mayar da injin ɗaki da fetur ɗinsa a ciki.